Yadda ake cewa “ban sani ba” da Turanci ba tare da kwafsawa ba

Masu karatu sun sha aiko da tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban: mene ne bambancin “I don't know” da “I'm not aware” da “I'm not familiar with it”? Wanne ake faɗa wa shugaba a ofis, wanne ake faɗa wa aboki a majalisa? Me ya sa wani lokaci mutum zai faɗi ɗaya daga cikinsu da zuciya ɗaya, amma ya ga fuskar mai tambaya ta canza?

Matsalar ba ƙarancin kalmomi ba ce. Bahaushe yana da nasa rabe-raben: ban sani ba, ban san shi ba, ba ni da labari, ban taɓa ji ba, ban saba ba, ban iya ba, ban gane ba, ban waye shi ba. Wanda ya tashi da Hausa ba ya rikita waɗannan ko cikin barci. Amma da zarar an juya zuwa Turanci, sai a tattara su duka a ɗura a buhu ɗaya mai suna “I don't know”. Aikin da ke gabanmu shi ne kwance bakin buhun nan, a mayar da kowanne mazauninsa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar ƙaramin littafin rubutu da biro, da waya mai naɗar murya, da ƙamus na masu koyon Turanci. Na Cambridge da na Oxford duk suna intanet kyauta, kuma kowace kalma tana da alamar lasifika guda 2, ɗaya ta furucin Ingila, ɗaya ta Amurka. Akwai kuma shafin YouGlish, inda za ka rubuta jimla ya zaƙulo maka bidiyoyin YouTube daidai wurin da aka furta ta. Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, kuma bidiyo ne ke lashe ta, ƙamus ba ya cin wani abin a zo a gani. Ware minti 15 kullum na tsawon mako 2. Idan ka samu abokin gwaji, ya fi.

Hattara: kada ka dogara da manhajar fassara a wannan aikin. Jimla ɗaya take gani, ba ta ganin wanda ke tsaye a gabanka, ba ta kuma san ko tambayar hanya aka yi maka ko tuhuma.

1. Fara tantance wane irin rashin sani ne

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma da Hausa ake yin sa, a zuci, kafin a buɗe baki. Tambayi kanka: da Hausa me zan ce?

Idan amsar tambaya ce ba ka da ita, kamar ƙarfe nawa mota za ta tashi ko nawa ake sayar da buhun siminti yau, “I don't know” ta isa.

Idan wani abu ne ya faru ko aka yanke hukunci a kansa, labarin bai iso gare ka ba, wato “ba ni da labari” ko “ba ni da masaniya”, to wurin “aware” ke nan. An ɗage taro ba a gaya maka ba, an canza ranar biyan kuɗin makaranta, an fitar da sabuwar doka a wurin aiki: “I'm not aware of any change.” Ma'anarta, babu wani canji da labarinsa ya same ni.

Idan abin ka san da wanzuwarsa amma ba ka laƙance shi ba, ba ka yi mu'amala da shi har ka san ciki da wajensa ba, to “familiar” ake nema. Unguwa, na'ura, manhaja, tsarin aiki, fannin ilimi: “I'm not familiar with Excel.” “I'm not familiar with this part of Kano.” Mai wannan magana bai ce bai taɓa jin sunan abin ba. Cewa ya yi hannunsa bai faɗa ba.

Idan ko sunan ma bai taɓa ratsa kunnenka ba, sai ka ce “I've never heard of it”, ban taɓa jin sa ba.

Saura guda 4 da ake yawan jefawa cikin buhun nan alhali ba danginsa ba ne. “Ban iya ba” ita ce “I don't know how to” ko “I can't”. “Ban saba ba” ita ce “I'm not used to”. “Ban gane ba” ita ce “I don't understand”. “Ban waye shi ba”, wato ka ga fuskar amma ba ka shaida mai ita ba, ita ce “I don't recognise him”.

Gargaɗi: “ba na jin Turanci” ba “I don't hear English” ba ce. Ga Bature, “hear” aikin kunne ne zalla, sai ya ɗauka kurumta ke damunka ko sautin ne bai iso ba. Ka ce “I don't speak English” ko “I don't understand English”. Idan kuwa kana jin Turancin, maganar ce ta wuce ka saboda sauri ko hayaniya, ka ce “Sorry, I didn't catch that.”

Idan baƙo ya tare ka da tambayar hanya a garin da kai ma baƙo ne, kada ka fassara “baƙo” kai tsaye, domin kalmar ta rabu gida 3 a Turanci: “guest”, “visitor” da “stranger”. Mafi sauƙi shi ne “Sorry, I'm not from around here” ko “I'm new here myself”.

2. Daidaita lokaci

Nan ne Hausa ke yi wa mai koyo ƙafar ungulu. Muna cewa “na sani” da “ban sani ba” da sigar da muke cewa “na tafi” da “ban tafi ba”. Tunda “ban tafi ba” tana zama “I didn't go”, sai kwakwalwa ta mayar da “ban san shi ba” ta zama “I didn't know him”. Kuskure ne. Bature zai fahimci cewa a da ba ka san shi ba, yanzu ka san shi, ko kuma mutumin ya rasu ba ku taɓa haɗuwa ba. Idan har yanzu ba ka san shi ba, “I don't know him” ce.

Ga ma'aunin da ba ya kuskure: a lokacin da kake maganar, ka riga ka sani ko har yanzu? Idan har yanzu kana cikin duhu, “don't know”, “am not aware”, “have no idea”. Idan yanzun nan aka faɗa maka, ka riga ka sani ke nan, sai ka koma baya: “I didn't know”, “I wasn't aware”, “I had no idea”.

Misali, shugabanka ya ce me ya hana ka zuwa taron jiya. Amsar ita ce “I wasn't aware there was a meeting, sir.” Idan ka ce “I'm not aware”, kamar kana musanta cewa an yi taron ne, alhali ga shi yana gaya maka an yi.

“I had no idea” tana da wani amfani mai daɗi, daidai da “ashe!” ko “wayyo, wallahi ban ji ba”. Abokin aiki ya ce mahaifinsa ya kwana 10 a asibiti, sai ka ce “I'm so sorry, I had no idea.” A nan jimlar jaje ce.

Hattara: “know” ba ta ɗaukar “-ing” a irin wannan magana. Babu “I am not knowing”. Haka “understand” da “remember” a yawancin lokuta.

3. Liƙa wa kowace kalma ƙaramar abokiyar tafiyarta

Kowace daga cikin kalmomin nan tana da 'yar ƙaramar kalma da take tafiya da ita, kuma tare ake haddace su kamar kalma ɗaya. Rubuta su a shafin farko na littafinka.

“Familiar with”: mutum ne a gaba, abin yana baya. “I'm not familiar with the road.” Idan aka juya, abin ya zo gaba, sai ta koma “familiar to”: “The name is not familiar to me.” Kuskuren da aka fi yi shi ne “I'm not familiar to the road”, wanda ke nufin hanyar ce ba ta san ka ba.

“Aware of” tana ɗaukar suna: “aware of the problem”. “Aware that” tana ɗaukar cikakkiyar jimla: “aware that the office closes at four”. Ana iya jefar da “that” a magana. “Aware about” kuwa, ko da yake kunne ya saba jin ta a ofisoshinmu, mai gyaran takardar jarrabawa zai ja mata layi.

“Heard” tana da abokai 3, kowanne da inda yake kai ka. “Heard of” ta shafi sanin wanzuwar abu: “I've never heard of that school.” “Heard about” ta shafi labari: “I haven't heard about the accident.” “Heard from” ta shafi saƙo ko kira daga mutum: “I haven't heard from him since Sallah”, wato tun Sallah ban ji ɗuriyarsa ba. Ka lura da haɗarin: idan aka tambaye ka ƙaninka da ya tafi Legas, ka ce “I haven't heard of him”, ka ce ke nan ba ka taɓa sanin akwai shi a duniya ba.

“Used to” a ma'anar sabawa tana ɗaukar suna ko aikatau mai “-ing”: “I'm not used to the cold”, “I'm not used to driving at night”. Ba a cewa “I'm not used to drive”.

Gargaɗi game da “familiar” da mutane: “I'm not familiar with him” ta fi dacewa da wanda ake sani ta aikinsa, kamar marubuci ko ɗan siyasa ko ɗan ƙwallo. Ga maƙwabci ko abokin aiki, “I don't know him” ko “We haven't met” sun fi zama daidai. Sannan idan aka ce wani yana “too familiar”, ba yabo ba ne, ana nufin ya cika shisshigi, ya wuce gona da iri wajen sakin jiki da wanda bai kamata ba.

4. Jera abin da zai biyo baya

Idan tambaya ta shiga cikin jimlar “ban sani ba”, ta daina zama tambaya, don haka tsarinta ya canza. Ana tambaya “Where is he?” amma ana cewa “I don't know where he is.” Ana tambaya “When does it start?” amma ana cewa “I have no idea when it starts.” Kalmomin “do”, “does” da “did” na tambaya suna faɗuwa. “I don't know where is he” da “I don't know what does he want” duk karkatattu ne.

Inda Hausa ke cewa “ko”, Turanci na sa “if” ko “whether”: ban sani ba ko zai zo, “I don't know if he's coming.”

Inda ake maganar iyawa, “how” ba ta faɗuwa: “I don't know how to swim.” Idan ka cire ta, jimlar ta gurgunce.

Sai batun korewa. “No” da “any” ba sa zama kujera ɗaya. Ko ka ce “I have no idea”, ko ka ce “I don't have any idea”. “I have no any idea” haɗin gambiza ce, “I don't have idea” kuma ta rasa ƙafa ɗaya. Haka nan “ban san komai ba” ita ce “I don't know anything”. Za ka ji “I don't know nothing” a waƙoƙi da finafinai, kuma akwai al'ummomin da haka suke magana a gida, amma a takardar WAEC ko NECO ko wasiƙar neman aiki, maki za ta ci maka.

Wani abu da saƙonnin waya suka yaɗa shi ne jefar da “I”, a rubuta “Am not aware”. Turanci ba ya barin “am” tsirara a farkon irin wannan jimla. Rubuta “I'm” ko “I am”.

5. Auna wanda ke gabanka

Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya ce wa mahaifinsa “oho”. Ko “ban sani ba” ɗin ma sai ya tausasa ta: “wallahi Baba ban sani ba, amma bari in tambaya.” Turanci ma yana da wannan tsani, sai dai mai koyo ba ya ganin matakalarsa, domin duk jimlolin a littafi ɗaya ya gan su.

A can ƙasa akwai na abokai da sa'o'i: “No idea”, “No clue”, “Dunno”, “Beats me”. Mutanen Ingila kan ce “I haven't got a clue”. Waɗannan su ne dangin “oho” da “ina na sani”. Babu laifi a tsakanin abokai, amma ka faɗa wa mai ɗaukar aiki “Beats me”, ka gama da kanka.

A tsakiya akwai “I don't know”, “I'm not sure” da “I have no idea”. Ta ƙarshen tana da ƙarfi, tana nufin ko kusa ko alama ban sani ba, kuma murya ce ke yanke mata hukunci. Da murmushi, gaskiya ce tsagwaronta. Da ɗaure fuska, ta zama “kada ka dame ni”.

A sama akwai na ofis da manya da baƙi: “I'm afraid I don't know”, “I'm not familiar with that”, “I wasn't aware of that”. Kalmar “afraid” a nan ba tsoro ba ce, tausasawa ce kawai, kamar yadda muke cewa “sai dai ka yi haƙuri”. Akwai kuma “I'm not conversant with”, wadda ma'aikatan gwamnati a Najeriya ke ƙauna. Daidai ce, amma tana da nauyi, ta fi dacewa da takarda, a hira kuwa kamar ka sa babbar riga ne za ka sayo kati a bakin titi.

Gargaɗi mai muhimmanci: akwai jimloli 3 da suke kama da “ban sani ba” amma faɗa ne. “How should I know?” daidai take da “ni ka ba ajiya?” “I wouldn't know” tana iya nufin ba hurumina ba ne, kuma sau da yawa da sanyin raini take fita. “I don't care” kuwa ba ta da alaƙa da sani, “ko a jikina” ce. Wanda yake son ya ce “ba komai, duk wanda aka yi daidai ne” sai ya ce “I don't mind”.

Kada kuma ka siffanta wani da “ignorant” ko “clueless” kana nufin bai samu labari ba. Ta farko jahili ce, ta biyu kuma wanda bai san inda kansa ke ciwo ba. Ka ce “He wasn't aware” ko “He wasn't told”. Wurin da “ignorance” ke da ladabi shi ne idan kanka ka ɗora wa: “Excuse my ignorance, but what does this mean?”

Masu karatu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci “j'ignore” tana nufin ban sani ba. A Turanci “I ignore” tana nufin na sani sarai, na yi biris da gangan. Wanda ya rubuta wa shugabansa “I ignored the new rule” ya amsa laifin da bai yi ba. Abin da Faransanci ke kira “je ne suis pas au courant” shi ne “I'm not aware”.

Turancin Buroka kuma, “I no know” da “I no sabi”, harshe ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa, yana aiki a kasuwa da tasha. Kada dai ya tsallaka cikin wasiƙa.

6. Bar wa kanka ƙofa idan ba ka da tabbas

Wani lokaci ba “a'a” kake son cewa ba, ba kuma “ban sani ba” ba, sai dai “iya sanina, babu”. Turanci na da jimloli na musamman don haka. An tambaye ka, “Has anyone called?” sai ka ce “Not that I know of.” An tambaye ka ko an canza farashi, sai ka ce “Not that I'm aware of” ko, a harshen takarda, “Not to my knowledge.” Waɗannan tambayar e ko a'a kawai suke amsawa. Ba a amsa “What time is it?” da su. Idan amsar e ce amma da shakka, sai “As far as I know, yes.”

“It doesn't ring a bell” ana faɗinta ne idan aka ambaci suna ko wuri, ka laluba kwakwalwarka ba ka ji ya taɓa komai ba. Ta fi tafiya da suna ko lamba ko taken abu, ba a faɗinta kan tambayar lissafi. “That's news to me” ita ce “sai a bakinka”, kuma kamar ta Hausar, tana iya ɗaukar ƙorafin cewa ya kamata a ce an gaya mini tun da wuri. Sai wata mai ruɗi: “I don't know about that.” Idan aka ja ta da wata irin murya bayan wani ya faɗi ra'ayinsa, ba rashin sani ba ne, “anya kuwa?” ce.

Hattara a gaban hukuma: wajen ba da bayani ga 'yan sanda ko a kotu, “I don't know”, “I don't remember” da “Not to my knowledge” maganganu 3 ne daban, kuma yadda ka faɗa haka za a rubuta. Ta farko ta ce ba ka taɓa sani ba. Ta biyu ta ce wataƙila ka sani amma ka manta. Ta uku ta ce mai yiwuwa abin ya faru a bayan idonka. Wanda Turancinsa bai nuna ba, kada kunya ta hana shi neman tafinta. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi.

7. Kada ka tsaya a kan “ban sani ba”

A wurin aiki, jimlar ba ta cika sai an ɗora mata abin da za a yi. Tsarin gaɓa 3 ne: tausasawa, amincewa da rashin sanin, sannan mataki na gaba.

Ga abokin ciniki: “I'm afraid I don't know, but I'll find out and call you back.” Ga mai tambayar da ba sashenka ba: “I'm not sure, but the accountant should know.” A ganawar neman aiki, idan aka ambaci manhajar da ba ka taɓa amfani da ita ba: “I'm not familiar with that one, but I've used something similar and I learn quickly.” Kada ka ce ka yi amfani da makamanciyarta idan ba ka yi ba, tambaya ta gaba za ta tona ka.

A ɓangaren baka na IELTS, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, wanda ke ɗaukar minti 11 zuwa 14, ba iliminka na duniya ake aunawa ba, Turancinka ake saurare. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka tsaya a “I don't know”, ba ka ba mai jarrabawa abin da zai auna ba. Ka ce “I'm not very familiar with that, but I would guess…” sannan ka ci gaba da magana.

A wasiƙar hukuma ana warware gajerun siffofi. “I wasn't” ta koma “I was not”, “I'm” ta koma “I am”. Idan amsar takardar tuhuma kake rubutawa, “I was not informed” da “I was not aware” ba ɗaya ba ne. Ta farko tana nuna yatsa ga wanda ya kamata ya sanar da kai, ta biyu ba ta zargi kowa ba. Zaɓi da ido buɗe.

8. Gyara furuci

“Know” da “no” sautinsu ɗaya, ba a furta “k”. Haka “knew” da “knowledge”.

“Familiar” nauyinta a gaɓa ta biyu yake: fa-MI-liya. Harafin “f” na Turanci da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ake yin sa, namu na Hausa kuwa da leɓɓa biyu, shi ya sa yake zamewa ya koma “p”. Tsaya gaban madubi. Idan ba ka ga haƙoranka sun taɓa leɓe ba, ba ka yi ba.

“Aware” nauyinta a gaɓar ƙarshe. “Idea” gaɓa 3 ce, ai-DI-ya, nauyi a tsakiya. “Of” da sautin “v” take ƙarewa, “off” ce mai “f”. “Clue” gaɓa ɗaya ce, kada a cusa wasali ta zama “kulu”. “With” tana ƙarewa da harshe tsakanin haƙora, ba “wiz” ba. “Heard” kuma tana tafiya da “bird” da “word”, ta bambanta da “had” da “hard”.

Saurari kowace a ƙamus sau 3, ka naɗi muryarka, ka kwatanta. Naɗar dole ce, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Ka zaɓi furucin Ingila ko na Amurka ka tsaya a kan ɗaya. Makarantun Najeriya da Ghana na Ingila suke bi.

9. Gwaji na mako 2

A mako na farko, duk lokacin da ka ji kanka ka faɗi ɗaya daga cikin dangin “ban sani ba” da Hausa, rubuta jimlar da wanda ka faɗa wa. Da dare ka juya guda 5 zuwa Turanci, kana bin mataki na 1 zuwa na 5 a jere. A mako na biyu, abokin gwajinka ya riƙa jefo maka tambayoyi yana canza matsayi, yanzu shi ne shugabanka, an jima abokinka, an jima baƙo a tasha, kai kuma kana amsawa da baki cikin daƙiƙa 5 ba tare da duba littafi ba.

Fara da waɗannan 6. Rufe amsoshin da hannu tukuna.

Na 1, ban san inda yake zaune ba. Na 2, ranka ya daɗe, ban samu labarin an ɗage taron ba. Na 3, ban taɓa jin sunan kamfanin nan ba. Na 4, ban laƙanci wannan injin ba. Na 5, ban saba tashi da asuba haka ba. Na 6, an tambaye ka ko akwai wanda ya zo neman manaja, kai kuma iya saninka babu.

Amsoshi: “I don't know where he lives.” “I wasn't aware the meeting had been postponed, sir.” “I've never heard of this company.” “I'm not familiar with this machine.” “I'm not used to waking up this early.” “Not that I know of.”

Wanda ya faɗi a ta 1, ya koma mataki na 4. Wanda ya rubuta “I'm not aware” a ta 2, mataki na 2 ne bai zauna masa ba. Wanda ya sa “from” ko “about” a ta 3, ko “to” a ta 4, ko “wake” a ta 5, ya sake bin mataki na 3 kafin ya shiga mako na biyu.